Sin da Taiwan: ƙasa ce ko jiha, kuma wa ya gina wa?

Mai Gyaran Waya:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni, don Allah a amsa min da hujja, ban da habaici. Jiya wani kwastoma ya kawo min waya ta ƙi tashi, na buɗe na tarar aisin caji ne ya ƙone. Ina cikin aiki muna hira, sai ya ce wai ƙwaƙwalwar manyan wayoyin nan a Taiwan ake buga ta, wai kuma shi ya sa Chana ta matsa sai ta haɗiye tsibirin. Abin ya ɗaure min kai. Mu da muka taso, in bakanike ya tambayi babana “na Japan za a sa ko ɗan Taiwan?”, to ɗan Taiwan shi ne na talaka, wanda ba ya wata uku. Yaushe ɗan Taiwan ya zama abin da manyan ƙasashe ke zare wa juna ido a kansa? Sannan ita Taiwan ɗin, ƙasa ce ko jiha ce a cikin Chana?

Alhaji na Kwari:
Wa alaikumus salam. Jiha ce, ɗana, kar ka wahalar da kanka. Na fi shekara goma ina zuwa Guangzhou, ban taɓa jin mutum ɗaya a can, daga mai masana'anta har mai tura kaya, ya ce Taiwan ƙasa ce ba. Gwamnatinmu ma haka ta ce. Amurka ce ke zuga su kamar yadda ta saba.

Tsohon Malamin Tarihi:
Alhaji, ranka ya daɗe, in ana rigimar gona ka je gidan ɓangare ɗaya ka tambayi 'ya'yansa gonar ta wa ce, ai ka san amsar tun kafin ka yi sallama. Bari in ba yaron nan asalin maganar.

Daular Qing ta kama tsibirin a 1683. A 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi, aka miƙa mata Taiwan, ta riƙe ta shekara 50 cur. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945 tsibirin ya koma hannun gwamnatin Sin ta wancan lokaci, wato ta Chiang Kai-shek da jam'iyyarsa Kuomintang. Su kuma suna yaƙin basasa da 'yan kwaminis na Mao Zedong. Mao ya yi nasara, ya shelanta Jamhuriyar Jama'ar Sin ranar 1 ga Oktoba 1949, shi kuma Chiang ya kwashi sauran sojojinsa da zinaren baitulmali ya tsallaka teku zuwa Taiwan. Da ya isa can bai ce ya ɓalle ba. Cewa ya yi shi ne halastaccen shugaban Sin gaba ɗayanta, Mao ɗan tawaye ne. Kuma kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya tana hannunsa har 1971.

To ga inda gizo ke saƙar. Gwamnatin da ke Beijing yau ba ta taɓa mulkin Taiwan ba ko na yini ɗaya. Mutane kusan miliyan 23 ne a can, da kuɗinsu, da sojansu, da fasfonsu, suna zaɓen shugabansu tun 1996. Amma sunan da ke jikin tsarin mulkinsu har gobe “Jamhuriyar Sin” ne, kuma ƙasashen da suka amince da su a hukumance ba su wuce goma sha 'yan kai ba. A aikace ƙasa ce. A takardun duniya ba ƙasa ba ce.

Ɗan Kishin Ƙasa:
Malam, duk wannan dogon Turanci ne. Mu da muka yi yaƙi daga 1967 zuwa 1970 don kada Najeriya ta rabu, da wane baki za mu goyi bayan 'yan aware a wata ƙasa? Su ma Biyafara ai da kuɗinsu da sojansu da tutarsu, har ƙasashe biyar suka amince da su. Abin da ba ka so a gidanka kar ka yi wa maƙwabcinka fatansa.

Tsohon Malamin Tarihi:
Misalinka ya yi kama, amma bai zauna daidai ba. Ojukwu wani yanki ya cire daga gwamnatin da ke mulkinsa, ya raɗa masa sabon suna. Juya maganar ka gani: a ce gwamnatin tarayya ce aka ci da yaƙi, ta gudu wani tsibiri da hatiminta da tutarta, tana nan tana cewa ita ce Najeriya, aka shekara 75 a haka, jikoki suka taso ba su san wata gwamnati ba sai ita. Wa ya ɓalle daga wa? Ni ban ce Beijing ba ta da hujja ba. Tana da ita: harshe ɗaya, yawancin kakannin mutanen tsibirin daga lardin Fujian suka tsallaka, kuma rabuwar farko ta 1895 da bakin bindigar baƙo aka yi ta. Amma kiran su 'yan aware kamar jiya suka tashi, wannan tauye tarihi ne.

'Yar Damagaram:
Ku bari in sa baki, don mu a Nijar mun ci tuwon gidajen biyu. A ƙuri'ar 1971 kan kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka ci 76 da 35, Najeriya ta zaɓi Beijing, mu kuwa muna cikin 35 ɗin nan, muna tare da Taiwan. A 1974, bayan Seyni Kountché ya hau, muka koma Beijing. A 1992, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya, baitulmali ya bushe, albashi ya gagara, muka sake komawa Taiwan don ta miƙo kuɗi. A 1996 zamanin Baré muka sake juyowa. Sau uku muna sauya gida cikin shekara 22. Wa zai ce min tarihin daular Qing ministocinmu suka zauna suka karanta?

Yau ga matatar Soraz nan kusa da mu, tun 2011, ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na gwamnatin Sin ke da kashi 60. Ga bututun da ya tafi har gaɓar tekun Benin. Chadi ta bar Taiwan a 2006, Burkina Faso a 2018. Duk Afirka saura Eswatini. Ba hujja ce ta sauya ba, aljihun ne ya sauya girma.

Alhaji na Kwari:
To Hajiya ai kin faɗi maganata da kanki. Mai ƙarfi shi ke da gaskiya a duniyar nan. Ko mu nan, a Janairun 2017 da ministan harkokin wajensu Wang Yi ya zo Abuja, ba a ranar aka ce ofishin cinikin Taiwan ya tattara ya koma Legas ba? Kuma ni abin da ya fi damuna ke nan, ba rigimarsu ba. Ta yaya suka samu wannan ƙarfin? Na faɗa na ƙara: gwamnati ce mai faɗa a ji. Babu zaɓe, babu yajin aiki, babu kotun da za ta tsayar da titi shekara biyar. An ce a yi, an yi. Shenzhen da kuke ji, a 1980 ƙauyukan masunta da gonaki ne. Ku je ku gani yanzu. Layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya haura kilomita 40,000. Mu kuwa kowane shekara huɗu sai mu rushe mu sake.

Sarkin Barkwanci:
Alhaji in rashin zaɓe ne sirrin, ai mu ma mun gwada. Daga 1966 zuwa 1999 shekara nawa soja ya yi? Da yanzu a Funtuwa ake ƙera iPhone.

Ɗalibi a Fujian:
Sarki ka riga ni. Gaisuwa ga iyayena na gidan nan. Ni ina karatu a Xiamen, kuma daga bakin teku a nan ana hango Kinmen da ido, tsibiran da ke hannun Taiwan, 'yan kilomitoci ne tsakani. A gefenmu an kafa manyan haruffa masu cewa a haɗe Sin bisa tsarin “ƙasa ɗaya, tsari biyu”. A wani ɗan tsibiri na can gefen su ma suna da nasu rubutun na a haɗe Sin, amma bisa aƙidarsu. A 1958 an yi wa Kinmen ruwan bama-bamai, daga baya aka koma harbi rana ɗaya a huta rana ɗaya har zuwa ƙarshen 1978. Yanzu maƙera a can wuƙaƙen girki suke ƙerawa da ƙarfen bama-baman, 'yan yawon buɗe ido na saye. Kuma tun 2018 wani ɓangare na ruwan da suke sha ta bututu yake zuwa daga wannan gefen. Na faɗi haka ne don a san abin ya fi “abokin gaba” da “ɗan'uwa” cakuɗewa.

Baba Alhaji, da girmamawa, gwamnati mai faɗa a ji ɗin nan ita ce dai ta yi shirin Mao na 1958, inda aka tara manoma a gonakin gandu, aka sa su narka tukwane a bayan gida wai ƙarfe ake yi. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane miliyoyi gommai. Jam'iyya ɗaya ce, ƙarfi ɗaya ne, babu zaɓe a lokacin ma. Abin da ya sauya a Disambar 1978 shi ne sabon jagoran Sin Deng Xiaoping ya sassauta riƙo. Manoma 18 a ƙauyen Xiaogang suka raba gonar gandu a ɓoye, kowa ya noma tasa, amfani ya yi tsalle, maimakon a ɗaure su sai aka mai da abin tsarin ƙasa. Aka ware wurare huɗu a 1980, Shenzhen da Zhuhai da Shantou da nan Xiamen, aka ce a gwada jarin waje a gani. In ya yi a faɗaɗa, in bai yi ba a rufe. Ku lura da inda aka ajiye su: Shenzhen a ƙofar Hong Kong, Zhuhai a ƙofar Makau, Xiamen tana kallon Taiwan. Ba a yi wannan da ka ba. Tarko aka ɗana wa kuɗin 'yan'uwa na ƙetare.

Alhaji na Kwari:
To amma ai gwamnatin ce ta tsara, ɗana. Ba kasuwa ce ta tashi da safe ta gina tashar jiragen ruwa ba.

Ɗalibi a Fujian:
Wannan gaskiya ne, Baba, ban musa ba. Ƙasa ta gwamnati ce, manyan bankuna nata ne, wuta da layin dogo da mai duk nata ne, tana da shirin shekara biyar-biyar. Amma yadda take yi da masana'antu shi ne abin kallo. Sai ta ce ga fannin da muke so, misali farantan sola ko motoci masu batir. Ta ba da fili da bashi mai sauƙi da rangwamen haraji. Larduna su shiga gasa, don gwamna ya san ci gabansa a jam'iyya yana rataye da abin da lardinsa ya samar. Kamfanoni su fito kamar farin ɗango. Sannan a bar su su yi ta karya wa juna farashi har yawancinsu su mutu. Wanda ya rage, irin BYD da ta fara da haɗa batir a Shenzhen a 1995, ya riga ya zama zakaran da duniya ba ta iya masa. Solar da ta cika rufin gidaje a Kano ta wannan hanyar ta yi araha.

Kuma akwai asara, kar a ɓoye. A ƙarshen shekarun 1990 firaministan Sin Zhu Rongji ya rufe ko ya sayar da dubban kamfanonin gwamnati, miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki. Ɗan ƙauye da ya zo birni leburanci, takardar rajistarsa ta ƙauye ce, 'ya'yansa ba su da cikakken haƙƙin makarantar birnin da ya gina. Kamfanin gidaje na Evergrande ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 300, mutane sun biya kuɗin gidajen da ba a gama ba. Abokan karatuna da yawa suna fargabar samun aiki. Duk da haka Bankin Duniya da kansa ya ce kusan mutum miliyan 800 sun fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40. Duka biyun gaskiya ne.

Tsohon Malamin Tarihi:
Allah ya yi maka albarka, yaro. Ni kuma bari in ƙara abin da ba a cika faɗa ba, wanda zai amsa tambayar Mai Gyaran Waya ta farko. Ita ma Taiwan gwamnati ce ta gina ta, kuma ta riga babban yankin da kusan shekara 30. Chiang ya gane abin da ya kayar da shi a gida: manoma sun bi Mao saboda ƙasar noma. Sai ya fara da nan. A 1949 aka ƙayyade cewa mai gona ba zai karɓi fiye da kashi 37.5 na amfani daga mai noma masa ba. A 1953 aka tilasta wa manyan masu filaye su sayar, aka biya su da takardun bashi da hannun jari a kamfanonin gwamnati, aka ba manoma gonakin. Abin ya zo masa da sauƙi don shi baƙo ne a tsibirin, masu filayen ba mutanensa ba ne. Amurka kuma ta yi ta zuba taimako har 1965.

A 1966 aka buɗe yankin sarrafa kayan fitarwa a Kaohsiung. Lema, takalma, kekuna, kayan roba, kayan gyaran babur: wannan shi ne ɗan Taiwan ɗin babanka. Ba su tsaya nan ba. A 1973 gwamnati ta kafa cibiyar binciken fasaha, ta tura matasan injiniyoyi Amurka su koyo haɗa ƙwaƙwalwar na'ura. A 1980 aka buɗe unguwar kimiyya ta Hsinchu. A 1987 aka kafa kamfanin buga ƙwaƙwalwar na'ura na TSMC ƙarƙashin Morris Chang, wanda ya yi shekara 25 a Texas Instruments, kuma kusan rabin jarin farko na gwamnati ne, Philips ta Holan ta sa wani kaso. Dabararsa ita ce ba zai ƙirƙiro tasa ƙwaƙwalwar ya yi gasa da kowa ba, shi dai kawo zanenka ya buga maka, kamar mai injin niƙa. Yau Apple da Nvidia a wurinsa suke niƙa, kuma mafi yawan ƙwaƙwalwa mafi ƙanƙanta da ƙarfi a duniya daga tsibirin nan take fita.

Kada kuma wani ya ce dimokuraɗiyya ce ta yi. Dokar soja aka yi ta yi daga 1949 har 1987, an kashe mutane, an ɗaure dubbai. Zaɓe daga baya ya zo, bayan ciki ya cika.

Alhaji na Kwari:
Yawwa! Malam ka dawo hanya. Su ma da bulala suka gina.

Tsohon Malamin Tarihi:
Bulala kam kowa yana da ita, Alhaji. Mobutu yana da ita, Marcos na Filifin yana da ita. Tambayar ita ce wa ake duka da ita.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Tun ɗazu ina karantawa, wannan kalmar ta Malam ce ta sa na kasa yin shiru. Shekara 19 na yi a wata masaƙa a Kakuri. Ina wurin aka yi ta rage mu, sif uku ya koma biyu, ya koma ɗaya, ranar ƙarshe muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Har yau haƙƙina bai fito duka ba. Kada wani ya ce gwamnati ba ta taimaki masaƙu ba. Ta taimaka. An hana shigo da atamfa a takarda, an ba da rance. Amma babu wanda ya taɓa zuwa ya ce wa masu kamfaninmu: mun kare ku shekara kaza, ina yadi nawa kuka sayar a ƙasar waje? Injinan da na tarar ranar da aka ɗauke ni, su na bari. Wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, audugar ma ba ta isa. Atamfar da aka hana kuwa tana shigowa da daddare ta kan iyaka, a kai ta kasuwar su Alhaji.

Abin da na fahimta daga bayanin ɗalibin nan da na Malam shi ne, a can in gwamnati ta ba ka nono sai ta sa maka ranar yaye. Mu nan wanda ya kama nonon ba ya saki har uwar ta mutu. Ajaokuta tun 1979 ake ginin ta. Su Taiwan sun kunna tanderun ƙarfensu na Kaohsiung a 1977, har yau masana'antar tana aiki.

'Yar Damagaram:
Baba Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Maganar kan iyaka kuwa na ji hannunka mai sanda, mutanen Maraɗi ba sa nan balle su kare kansu.

Alhaji na Kwari:
Malam na Kakuri, ban ji haushi ba, gaskiya ka faɗa. Amma ka sani ni ɗan kasuwa ne. Mace ta zo da kuɗin turmi ɗaya tana son uku na fitar biki, in ce mata ta yi kishin ƙasa? Laifin na wanda ya bar wuta ta mutu ne.

Abu Sumayya:
Ni mamaki kuke ba ni. Ana ta yabon Chana, babu wanda ya tuna 'yan'uwanmu Musulmi na Uyghur a Xinjiang. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da kansa ya fitar da rahoto a Agustan 2022 kan tsare su da aka yi. Gwamnati mai faɗa a ji ɗin ke nan in ta juyo kanka.

Ɗan Kishin Ƙasa:
Ita kuma Amurkar da ke kare Taiwan fa? Iraƙi da Gaza a wace duniya suke?

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan batu. Maganar Abu Sumayya mai nauyi ce, a buɗe mata nata zaren. Kuma laifin wani ba ya wanke na wani. Ɗan Kishin Ƙasa, na goge saƙonka na biyu, ka san dalili.

Mai Gyaran Waya:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yanzu ma na tuna wani abu. Mu masu filashin waya kullum sai mun duba ko MTK ce ko SPD kafin mu sa mata fayil. Na bincika yanzu, ashe MTK ɗin MediaTek ce, kamfanin Taiwan ne a Hsinchu ɗin da Malam ya ambata, ita kuwa SPD ta Chana ce. Tecno da Infinix na kamfanin Transsion ne na Shenzhen, amma da yawansu MTK ce a ciki. Ke nan shekara da shekaru ina riƙe da Chana da Taiwan a waya ɗaya ban sani ba. To saura rabin tambayata: don ƙwaƙwalwar ne take son tsibirin?

Ɗalibi a Fujian:
A'a yaya, kwastomanka ya haɗa abu biyu. Beijing tana wannan da'awar tun 1949, kusan shekara 40 kafin a haifi TSMC. A wurinsu magana ce ta mutuncin ƙasa da gamawar yaƙin basasa, kuma tsibirin yana tsaye a ƙofar tekunsu tsakanin Japan da Filifin, inda Amurka ke da ƙawaye. Kuma ko an kama masana'antar, ba a kama komai ba. Injinan da ke zana ƙwaƙwalwa mafi ƙanƙanta kamfani ɗaya ne ke yin su a duniya, ASML na Holan. Sinadarai da yawa daga Japan, manhajar zane daga Amurka. Kamar ka ƙwace injin niƙa ne babu mai, babu bel, bakaniken kuma ya gudu. Shi ya sa tun 2014 gwamnatin Sin ta kafa babban asusu don ta yi tata, kuma da Amurka ta toshe mata sayen na zamani a Oktoban 2022 sai ta ƙara ƙaimi. A 2023 Huawei ta fito da waya mai ƙwaƙwalwar gida wadda ta ba mutane mamaki, ko da yake har yanzu tana bayan ta Taiwan.

Abin da ya fi ban sha'awa a wurina shi ne yadda kuɗin Taiwan ya taimaka wajen gina wadda ke barazanar cinye ta. Foxconn kamfanin Taiwan ne, ya buɗe masana'anta a Shenzhen tun 1988, kuma babbar masana'antarsa ta Zhengzhou ita ce ta yi suna wajen haɗa iPhone. Masu takalma da masu kekuna duk sun tsallako da injinansu da kwastomominsu na Turai. A wajen 2020 sama da kashi 40 na kayan da Taiwan ke fitarwa Sin da Hong Kong suke zuwa. Yanzu kason yana raguwa.

'Yar Damagaram:
To ai mai cin kashi 40 na kayanka ba ya bukatar bindiga.

Tsohon Malamin Tarihi:
Haka Beijing ta yi lissafi, 'yata, kuma ta gwada. Zamanin shugaban Taiwan Ma Ying-jeou an yi yarjejeniyar ciniki a 2010, har ya gana da Xi Jinping a Singafo a 2015. Amma a 2014 ɗalibai suka mamaye majalisar Taiwan kan wata yarjejeniyar ta biyu, suna cewa ana sayar da su. A 2016 Tsai Ing-wen, wadda Beijing ba ta ga maciji da jam'iyyarta, ta ci zaɓe, Beijing ta rage 'yan yawon buɗe ido. A 2021 ta hana shigar abarbar Taiwan, mutanen tsibirin da Japanawa suka yi ta saye don haushi. Babban abin da ya ɓata lissafin shi ne Hong Kong. Tsarin “ƙasa ɗaya, tsari biyu” tun asali don Taiwan aka ƙirƙiro shi, aka fara gwada shi a Hong Kong a 1997. Da aka kafa dokar tsaro a can a 2020 aka kama 'yan adawa, aka rufe jaridu, sai na Taiwan suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta. A 2024 suka sake ba jam'iyyar da Beijing ta fi tsana, Lai Ching-te ya hau. Ciniki ya yi aiki a kan gwamnatocinmu na Afirka. A kan masu jefa ƙuri'a na tsibirin bai yi ba.

Ɗan Kishin Ƙasa:
To sai yaƙi ke nan. Kuma in an fara kwana uku ya yi yawa.

Tsohon Malamin Tarihi:
Haka aka ce a kan Yukren. A can ma ta ƙasa ake shiga. Nan kuwa teku ce, kilomita 130 a inda ta fi ƙunci, ga guguwa, ga duwatsu a tsibirin, wuraren da jirgi zai iya sauke soja kaɗan ne. Gaskiya ne dokarsu ta 2005 ta halatta amfani da ƙarfi in Taiwan ta shelanta 'yanci, kuma Xi ya maimaita a 2019 cewa ba su ajiye wannan zaɓin ba. Da Nancy Pelosi, kakakin majalisar wakilan Amurka a lokacin, ta je Taiwan a Agustan 2022 sun kewaye tsibirin da atisaye, har makamai masu linzami suka bi ta samansa. Amurka kuwa tun 1979 ta koma hulɗa da Beijing, amma ta yi dokar sayar wa Taiwan makamai, kuma da gangan ta ƙi faɗa a hukumance ko za ta shiga faɗan. Yawancin mutanen Taiwan a ƙuri'un jin ra'ayi abin da suke so shi ne a bar abin yadda yake, ba shela ba haɗewa. Ni abin da na fi tsoro ba mamaya ba ce, toshe teku ne. Tsibirin kusan duk makamashinsa da jirgi ake kawo masa.

Mai Gyaran Waya:
In aka toshe, mu ma nan mun shiga uku. Lokacin korona kawai sai da sikirin ya gagari kwastoma. Alhaji ku da kuke zuwa, can ana jin tsoron abin?

Alhaji na Kwari:
Wallahi ba a maganar a kasuwa, kowa lissafin kwantena yake. Amma tunda ɗalibin nan ya ambaci masu takalma, bari in faɗi gaskiya tsakani da Allah. Masana'antar da na fara sayen takalma a Dongguan, mai ita ɗan Taiwan ne. Dattijo ne mai son shayi, shi ya fara ba ni kaya bashi ba tare da takarda ba. Ma'aikatansa duk 'yan ƙauyukan Chana ne, manajojinsa biyu daga baya suka buɗe nasu, ɗaya ma a wurinsa nake saye yanzu. Shi kuwa dattijon ya kwashe injinansa ya koma Biyetnam, ya ce albashi ya yi tsada.

Sarkin Barkwanci:
Alhaji! Kai da ka ce ba ka taɓa jin mutum ɗaya a can ya ce Taiwan ƙasa ce ba. Shi dattijon me ya ce?

Alhaji na Kwari:
Ban taɓa tambayarsa ba. Shekara shida muna tare, farashin dozin muke yi.